Silin ya rufto a gidan haya: wa zai biya?

Ga tambayoyin ɗan haya da amsoshinsu.

Rufi ya daɗe yana yoyo, yau silin ya rufto ya lalata min kaya. Mai gida ne zai biya?

Kasancewar gidan nasa bai isa ba, sakaci kotu take nema. Sai ka nuna cewa kula da wurin ya rataya a wuyansa, bai kula ba, rashin kulawar ce ta jawo ɓarnar, kuma ɓarnar tana ƙiyastuwa da kuɗi. Ɗaya ya ɓace, ƙara ta rushe. A ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, tushen wannan shi ne shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wadda wata mata ta shigar bayan ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemo. A nan aka kafa cewa wajibi ne mutum ya kiyaye cutar da duk wanda hankali ya nuna aikinsa zai iya shafa.

Ai ya san rufin yana zuba, na sha gaya masa.

Ina shaidarka? Nan 'yan haya suka fi shan ƙasa, kuma abin yana ci min rai, domin sau da yawa su ne masu gaskiya. A shari'ar O'Brien da Robinson ta 1973, silin ɗakin kwana ya faɗo wa mata da miji suka ji rauni, amma kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta wanke mai gidan, saboda ba a sanar da shi lahanin ba kafin abin ya faru.

Saboda haka ranar da ka ga tabon ruwa ya fito a silin, fenti ya kumbura yana ɓarewa, ɗauki hoto, ka aika masa a rubuce da kwanan wata, ko da saƙon waya ne. Bai amsa ba, sake aikawa. Maganar da aka yi a bakin ƙofa iska ce ke ɗauke ta. Ka kuma janye kayanka daga ƙarƙashin wurin, don in ka bar su kana gani, alƙali zai iya rage maka diyya gwargwadon naka sakacin. A Ingila tun 1945 doka ta tanadi haka.

Ya ce gidan yana da inshora. Ta shafe ni?

Galibi a'a. Tasa ta gini ce. Katifarka da talabijin ɗinka sai in kai ka yi musu inshora.

Na yi, amma kamfanin ya ƙi biya.

Ka nemi su ba ka dalili a rubuce, su nuna sakin layin da suka dogara da shi a takardar yarjejeniya. Dalilan ba su cika wuce uku ba: an makara wajen kai rahoto, an ɓoye wani abu lokacin cike fom, ko sun ce ɓarnar ta lalacewar yau da gobe ce, alhali inshora ta fi karkata ga abin da ya auku kwatsam. Na ukun ne ya fi jawo jayayya kan yoyo, kuma rahoton injiniya ko ƙwararren magini yana iya juya hukunci. Kada ka zubar da kayan da suka lalace kafin mai ƙiyasi ya zo, ka adana rasit. In sun tsaya kan bakansu, akwai hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora, sannan kotu.

In daina biyan haya har sai ya gyara?

Ban ba ka shawara ba, sai lauya ya duba dokar inda kake. Bashin haya hujja ce da za ka miƙa masa da hannunka ta neman a tashe ka.

Zai iya canza makulli ya watso min kaya waje?

A ƙasashe da dama sai ya ba ka notis, wa'adi ya cika, ya samo umarnin kotu. Ingila ta mayar da korar ɗan haya ba bisa ƙa'ida ba laifi, kamar yadda dokarta ta 1977 ta nuna.

Yaushe lokacin kai ƙara yake ƙurewa?

Kowace ƙasa da wa'adinta. A Ingila, dokar 1980 ta ba da shekara 3 ga rauni a jiki, shekara 6 ga ɓarnar dukiya. In wa'adin ya wuce, wanda ake ƙara yana iya neman a kori ƙarar komai ƙarfin hujjarka.