Ina kabon ɗin itace yake tafiya? Tambayoyi kan daji, ƙasa da iska

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja ko ta Kachia ya saba ganin buhunan gawayi jere a bakin titi, an toshe bakinsu da ganye. Wannan baƙin abu da ke ɓata hannu kusan kabon ne zalla. A kansa masana muhalli ke kwashe shekaru a cikin kurmi suna aune-aune.

Wai me ake nufi da kabon yana zagayawa?

Itacen kiryar da aka ƙona ya zama gawayi, yawancin jikinsa daga iska ya samo shi. Ganye yana jan iskar kabon, ya haɗa ta da ruwa da taimakon hasken rana, ya gina gaɓa da reshe da saiwa. Idan ka busar da itace ka auna, kusan rabin nauyinsa kabon ne. Daga nan kabon ɗin yana da hanyoyin komawa sama: wuta ta cinye itacen, ko akuya ta ci ganyen ta fitar da numfashi, ko ganyen ya faɗi ya ruɓe. Wani kaso kuwa yakan maƙale cikin ƙasa shekaru goma, ɗari, har dubu.

Damuwar ita ce abin da ke hawa sama ya fi abin da ke saukowa. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar duniya. Yanzu ta haura 420. Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, kuma tun daga lokacin hawa take yi.

Ta yaya mutum zai auna kabon ɗin daji guda?

Da tef irin na tela, da haƙuri. Ana keɓe fili, galibi hekta ɗaya, a maƙala wa kowane babban itace lamba, a auna kaurinsa a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato wajen ƙirjin mutum. Bayan 'yan shekaru a dawo a sake aunawa: wanne ya ƙara ƙiba, wanne ya faɗi, wanne ya tsiro. Ƙasa kuma ana huda ta da ƙarfe mai murɗawa a ɗebo ta hawa-hawa a kai ɗakin gwaji. Akwai wani ɗan akwati da ake kifawa a ƙasa kamar ƙwarya, na'ura na lissafa iskar da ke taruwa a ciki. Masana suna kiran wannan numfashin ƙasa, sunan kuma ya dace.

To itatuwa ne babban rumbun kabon ke nan?

Nan mutane da yawa ke kuskure. Mita ɗaya ta saman ƙasar duniya tana riƙe da kabon kimanin tan biliyan 1,500, fiye da na dukan tsirran duniya, fiye kuma da na sararin sama. A 2017 Greta Dargie da Simon Lewis na Jami'ar Leeds a Ingila, tare da abokan aikinsu, suka bayyana girman wata fadama a tsakiyar kurmin Kwango, inda ganye da itace suka yi dubban shekaru suna taruwa cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba. Sun ƙiyasta kabon ɗin da ke kwance a wurin da tan biliyan 30. Ruwan ne ke tsare shi. Ranar da wurin ya bushe, ruɓewa za ta kankama.

Me ya sa ƙasarmu ta nan ba ta tara kabon irin wannan?

Zafi ne, da gara, da mu kanmu. Ƙwayoyin halittar da ke cin matattun ganye sun fi kuzari idan ƙasa ta yi ɗumi da danshi, don haka abin da zai shekara biyu yana ruɓewa a ƙasashen sanyi, a nan damina ɗaya ta ishe shi. Ka bar karan dawa a gona bayan girbi, ka dawo bayan 'yan makonni. Za ka tarar gara ta lulluɓe shi da siririn ɓawon laka. Ka taɓa da ƙafa ya rushe, ciki fanko. Gara ba ɓarna kaɗai take yi ba, ramukanta suna shigar da ruwan sama cikin ƙasa, amma dai kabon ɗin karan ya kama hanya.

Akwai kuma abin da ke faruwa a ruwan farko. Bayan watannin rani, da zarar ƙasa ta jiƙa, ƙwayoyin nan sukan farka gaba ɗaya, iskar kabon ta tashi da yawa cikin 'yan kwanaki, sinadaran da shuka ke buƙata su saku. Wani masani mai suna Birch ya bayyana hakan a Gabashin Afirka a 1958. Manomi bai san sunansa ba, amma ya san shukar da ta kama ruwan farko ta fi kyawun tashi.

Ƙara zafi kuma yana ƙara saurin asarar. A tsibirin Barro Colorado na Panama, Andrew Nottingham da abokan aikinsa sun binne wayoyi suka ɗumama ƙasar kurmi da digiri 4. A rahotonsu na 2020, iskar kabon da ke fita daga ƙasar ta ƙaru da kashi 55 cikin ɗari.

Sai namu hannun. Kara mu kwashe don danni da girki, harawa a sayar, abin da ya rage a cinna masa wuta, wani lokaci don farautar gafiya kawai. Toka tana ɗan taimakon shuka a shekarar, amma kabon ɗin ya bi hayaƙi.

An taɓa gwada wannan a nan gida?

Ƙwarai. A Samarun Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, an fara wani gwaji a 1950: wasu filaye ana zuba musu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu a bar su haka nan, shekara bayan shekara. Noma ba hutu ya rage kabon ɗin ƙasar, kuma filayen da ke samun kashin shanu sun fi riƙe shi fiye da masu takin zamani kaɗai. Ni a ganina wannan shi ne sakamakon da ya fi shafar mu. Abin da masani ke kira kabon ɗin ƙasa shi ne manomi ke nufi idan ya ce gona tana da ƙarfi ko ta gaji. Shi ke riƙe ruwa idan aka yi fari na mako biyu a tsakiyar damina, shi ke hana takin da aka saya da tsada zurarewa. Tsohuwar al'adar barin shanun Fulani su kwana a gona bayan girbi lissafi ne mai kyau.

Manyan kurmi za su ci gaba da shanye abin da muke fitarwa?

Suna shanyewa, amma ƙarfinsu na raguwa. Wani bincike na 2020 da Wannes Hubau ya jagoranta, wanda ya tattara awon ɗaruruwan filaye a kurmin Afirka da kurmin Amazon na Kudancin Amurka, ya nuna shanyewar ta kai ƙololuwa a shekarun 1990. Ta Amazon ce ta riga sauka, saboda fari da zafi suna kashe itatuwa. Abin mamaki, ƙurar Sahara, irin wadda ke rufe mana Kaduna da hazo lokacin hunturu, tana ƙetare tekun Atlantika ta kai wa ƙasar Amazon sinadarin fosfarus da take ƙaranci.

Dasa itatuwa zai magance?

Ya danganta da itacen da kuma wurin. Ƙasarmu ta doka ce da kaɗanya da ɗorawa da ciyawa, kuma kaso mai yawa na kabon ɗin irin wannan daji a saiwa yake, ƙarƙashin ƙasa, inda wuta ba ta kai wa. Share shi a jera itatuwan turare layi-layi ba lallai ne riba ba. Sannan dashen bikin da ake yi gaban kyamara, idan ba mai ban ruwa, akuya ce ke cin moriyarsa.

Abin da ya yi aiki a kusa da mu shi ne na yankin Maraɗi a Nijar. Tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture lokacin sassabe. Sukan zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, su datse sauran, su bar tsohuwar saiwa ta yi aikinta. Ta haka itatuwa suka dawo a kudancin Nijar, a filin da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. Gawo yana cikin waɗanda suka fi so, don yana zubar da ganyensa da damina, bai tare wa gero rana ba, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa su bar taki a gindinsa.