Waiwaye: Yadda Dogayen Benaye Suka Zame Wa GPS Ƙarfen Ƙafa

Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta ƙirƙiro GPS, tsarin gano inda mutum yake ta hanyar taurarin ɗan'adam, kuma a 1978 ta harba tauraron ɗan'adam na farko. Aikin soja ne zalla. Sai da Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya kauce hanya a 1983, sannan Shugaba Reagan ya yi alkawarin buɗe wa fararen hula. Duk da haka, da gangan aka riƙa gurɓata musu sigina, kuskure ya kan kai mita 100, har Shugaba Clinton ya ɗage takunkumin a watan Mayun 2000.

Daga nan a fili kuskuren ya ragu zuwa 'yan mitoci. A tsakiyar dogayen benayen Manhattan da ke New York ko na Hong Kong kuwa, tsugune ba ta ƙare ba. Na'urar mota tana buƙatar taurari huɗu aƙalla, tana auna lokacin da saƙonsu ya ɗauka kafin ya iso daga nisan kilomita kusan 20,200. Benaye sukan tare wasu taurarin. Mafi muni shi ne saƙon da ya bugi bangon gilashi ya karkato: ya yi doguwar hanya, na'ura kuma ta ɗauka kai tsaye ya zo. Jinkirin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kuskuren mita 300 ne a awon nisa. Shi ya sa direba ke tsaye a wannan titi, taswira ta nuna shi a wancan.

An fara neman magani ta hanyar yawaita taurari: an haɗa da tsare-tsare irin na GPS, wato GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da ya fara aiki a 2016, BeiDou na Sin da ya kammala a 2020. Japan ma ta fara harba taurarinta na Michibiki a 2010, waɗanda ke daɗewa saitin saman ƙasarta don saƙo ya sauka tsakanin benayen Tokyo. Duk sun taimaka, amma ba su hana saƙo karkata ba.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Paul Groves, masani a Landan, a 2011. Idan kana da taswirar tsayin gine-gine, tauraron da ya ɓuya maka ma shaida ne: ya nuna gefen titin da kake. Uber, manhajar kiran motar haya, ta bayyana amfani da wannan a 2018, Google kuma ya shigar da gyara mai dogaro da taswirar benaye cikin Android a ƙarshen 2020. Sai dai birnin da ba a auna benayensa an zana ba, bai shiga rabon ba tukuna.