Karayar tattalin arziki da makomar matasan Sakkwato: tambayoyi da amsoshi

Matasa na cewa tattalin arziki ya karye, gwamnati na cewa yana bunƙasa. Wa ke da gaskiya?

Kowa da mudun da yake awo da shi. A wurin masana, ƙasa ta shiga karayar tattalin arziki ne idan jimillar kaya da ayyukan da take samarwa ta ragu zango biyu a jere, kowane zango wata uku. Da wannan ma'auni, sau biyu Najeriya ta faɗa ciki a baya-bayan nan. Na farko a 2016, bayan gangar ɗanyen mai ta faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30, ga kuma fasa bututu a Neja Delta. Tattalin arzikin ya tsuke da kusan kashi 1.6 cikin 100. Na biyu a 2020 lokacin korona, inda ya ragu da kashi 6.1 a zango na biyu, da kashi 3.6 a na uku.

A 2023 da 2024 kuwa alƙaluma sun nuna ƙaruwa ta kusan kashi 3. Sai dai jama'a ma na ƙaruwa da sama da kashi 2 duk shekara, don haka abin da ya rage wa mutum ɗaya ƙalilan ne. Abin da ke cin ɗan kabu-kabu a Mabera ko mai ɗinki a Gidan Igwai shi ne hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024. Kukan matasa gaskiya ne, kuma sanin ainihin ciwon na da amfani, domin dabarar kare kai daga tsada daban take da ta rashin ciniki.

Me ya sa tsadar ta fi gallabar Sakkwato?

Abubuwa biyu sun shafi kowa a ƙasar. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A Yunin 2023 aka saki naira a kasuwar canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024.

Sakkwato na da nata ƙarin. Injin ban-ruwa fetur yake sha, don haka noman rani a fadamun Wurno da Goronyo da Kware ya yi tsada nan take. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka, hanyar Illela zuwa Ƙonni ta mutu wata da watanni kafin Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Ga 'yan bindiga da suka raba manoma da gonakinsu a Isa da Sabon Birni da kewaye. Tun kafin wannan ma, binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa jihar a kan gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa, kusan mutum 9 cikin 10.

An ce rashin aikin yi ya sauko zuwa kashi 4. Ina ayyukan?

Hanyar ƙirga ce ta sauya. A ƙarshen 2020 hukumar ta ce kashi 33.3. Daga 2023 ta koma ɗaukar duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Mai digirin da ke tsare shagon yayansa ran Asabar kaɗai ya fita daga sahun marasa aiki ke nan.

To karatun jami'a na da sauran amfani?

Yana da shi, amma takarda ita kaɗai ta daina zama tikitin ofis. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi 23 ba za su iya kwashe duk masu fitowa daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da jami'ar jiha da kwalejojin garin ba. Ɗalibin da ya haɗa karatu da aikin hannu, kamar haɗa sola, gyaran waya, walda ko ɗinki, yana fita da abin riƙewa. 'Yan mata ma haka, musamman fannin jinya da ungozoma, inda ake neman mata ruwa a jallo.

Wanda kuɗin rajista ya gagara ya duba asusun bashin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, ba ruwa a kansa. Ana neman lambar JAMB da NIN da BVN. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 a wata na kashewa. Biya na farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 na abin da yake samu. Inda ake yawan maƙalewa shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin takardun nan, don haka a gyara tun kafin a cike.

Mai ɗan jari fa, yaya zai yi kada ya narke?

Nan ne mafi yawa ke faɗuwa ba su ankara ba. Misali: ka saro katan a naira 10,000, ka sayar 11,000, ka ci 1,000 a matsayin riba. Ka koma sari ka tarar ya zama 11,500. Kuɗin hannunka ba ya sayen katan ɗaya, ko da ba ka taɓa ribar ba ma da sauran 500. Lokacin tsada, a kan farashin da za ka sake saro kaya ake yanka kuɗi. Ka riƙa ƙirga jarinka da katan ko buhu, ka rubuta shige da fice kullum, ka yanka wa kanka abin cefane tsayayye, ka rage bayar da bashi, domin wanda ya biya ka bayan wata uku kuɗi mai rauni ya mayar maka. Haka adashi: mai kwasar ƙarshe shi ke asara, gara a gajarta zagayen.

Bashin banki kuwa a yi hattara. Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, na bankunan kasuwanci ya fi haka, kuma ƙaramar sana'a ba ta cika jure wannan ba, ban da matsalar kuɗin ruwa a addini. Bankuna irin su Jaiz suna sayen kayan su sayar maka da ribar da aka yi yarjejeniya, amma su ma sai ka nuna lissafi a rubuce.

Ajiyar albasa na jan matasa saboda tana araha a kakarta, wajen Maris da Afrilu, ta yi tsada ƙarshen shekara. Ribar tana ga wanda ya iya ajiya. A tsayar da ban-ruwa kamar mako biyu kafin cira, a cire bayan yawancin ganyen ya kwanta, a shanya a inuwa mai iska kwana 10 zuwa 14 har wuya ya bushe, a bar ɗan tsawon wuya wajen yanka. Mai rauni da mai kaurin wuya a sayar da su nan take. Wadda ta sha takin yuriya da yawa ba ta daɗewa. Rudu, wato ma'ajiyar albasar, ya ɗaga daga ƙasa, ya samu iska, kada ruwan damina ya taɓa ta, a riƙa tsince ruɓaɓɓu. Kuma a sa ruɓewa da ramewar nauyi cikin lissafi tun ranar saye.

Ba gara a tafi cirani ko ƙetare ba?

Cirani tsohuwar hanya ce a ƙasar Sakkwato, kuma ya gina gidaje da yawa. Abin lura, Legas ta haramta acaɓa a manyan sassanta tun 2022, ana kwace babura. Kafin tafiya a san wanda za a sauka wurinsa, da aikin, da kuɗin mota zuwa da dawowa. Hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya kuwa ba mu ba kowa shawarar ta ba: ana mutuwa a sahara, ana tsare mutane a nemi fansa daga iyayensu. Wakilin da ya yi alkawarin aiki a ƙasashen Larabawa, a nemi ganin lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da takardar kwantiragi mai albashi a rubuce kafin a ba shi ko sisi, kuma kada a sayar da gona don biyansa.