Sai marar muhalli ya gyaru kafin a ba shi ɗaki?

An daɗe ana cewa mai kwana a titi sai ya bar shaye-shaye, ya samu sana'a, sannan ƙungiyar agaji ta ba shi ɗaki. Masu wannan ra'ayi gudun asara suke yi, kuma da hujjarsu. Sai dai abin da aka gani a aikace daban ne.

A birnin Niyok na Amurka tun 1992, da ƙasar Finland tun 2008, an juya tsarin: ɗaki tukuna, da takardar haya da sunan mutumin, yana biyan wani kaso daga abin da yake samu. Magani da neman aiki su biyo baya. Kusan takwas cikin goma kan zauna daram. Ai wanda ba shi da wurin ajiye maganinsa ko katin shaidarsa, ga rashin barci, da wuya ya kiyaye umarnin likita.

Inda ake tuntuɓe shi ne a miƙa makulli a juya baya. Idan ma'aikacin tallafi ya daina leƙawa, bashin haya kan taru.

Domin tantancewa, tambayi kowace ƙungiya: cikin waɗanda ta ba ɗaki, nawa ne ke ciki bayan shekara 2? Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.