Matsalolin kunna sauti da bidiyo a manhajar kwamfuta

Matsalolin kunna sauti da bidiyo su ne cikas ɗin da ake samu idan manhajar kallo ta kwamfuta ta kasa nuna fayil yadda ya kamata: hoto ya fito babu murya, murya ta fito allo na baƙi, hoto ya riƙa cijewa, ko magana ta riga motsin baki. Yawancinsu suna da tushe guda. Fayil ɗin bidiyo yana bi ta hannu da yawa kafin ya iso ido da kunne, kuma gyara yana farawa ne da gano hannun da ya saki.

Yadda fayil yake zama hoto da murya

Abin da ake gani a ƙarshen sunan fayil, kamar MP4 ko MKV ko AVI, mazubi ne kawai. A cikinsa akwai bidiyo da aka matse da wata dabara, da sauti da aka matse da wata daban, wani lokaci har da rubutun fassara na ƙasan allo. Dabarar matsewa da warwarewa ita ake kira kodek. Manhaja tana buɗe mazubin, ta raba abin da ke ciki, ta miƙa kowane kashi ga kodek ɗinsa, sannan ta aika hoto ga katin hoto, sauti kuma ga na'urar sauti. Shi ya sa fayiloli biyu masu suna MP4 za su iya bambanta, ɗaya ya kunnu ɗaya ya ƙi, domin tulu iri ɗaya ne amma abin da aka zuba a ciki daban.

Tarihi

Apple ya fitar da QuickTime a 1991, Microsoft kuma ya kawo AVI a 1992 cikin tsarin Video for Windows. A wancan zamanin manhajojin kallo ba su ɗauke da kodek nasu. Suna dogara ne da waɗanda aka girka a cikin tsarin kwamfutar. A Windows wannan aikin ya koma hannun DirectShow a ƙarshen shekarun 1990, inda kowane kodek yake rajistar kansa tare da matsayin fifiko, tsarin kuma ya zaɓi wanda ya fi matsayi.

Rikicin ya yi ƙamari da bayyanar DivX wajen 1999, wanda asalinsa kwaskwarimar wani kodek ne na Microsoft, sai Xvid ya biyo baya a 2001. Fina-finai suka yawaita a intanet cikin mazubin AVI, mutane suka shiga sauke tarin kodek a dunƙule, irin su K-Lite, don su kunna su. Wanda ya girka tari biyu ko uku sai kodek-kodek ɗin su riƙa takara kan fayil ɗaya, hoto ya juye ƙasa-sama ko manhaja ta mutu gaba ɗaya. Masu kutse ma sun ci moriyar wannan hali: muguwar manhajar Zlob, wadda aka fara ganowa wajen 2005, tana shiga kwamfuta ne da sunan kodek da wai sai an girka shi bidiyo zai buɗe. Har yau shafin da ya ce a sauke kodek na musamman kafin a kalli bidiyonsa abin gudu ne.

Mafita ta zo ta wata hanya. A shekarar 2000 Fabrice Bellard ya fara FFmpeg, wanda ya tattara ɗaruruwan kodek a wuri ɗaya. Manhajojin kallo irin su MPlayer, da aka fara a Hungary a wannan shekarar, da VLC, wanda ya samo asali daga aikin ɗalibai a makarantar injiniyanci ta École Centrale Paris a 1996 aka kuma sake shi ga kowa a 2001, duk sun dogara da shi. Da yake suna tafe da kodek ɗinsu a ciki, ba ruwansu da abin da aka girka a tsarin. Wannan sauyi ya fi duk wata dabarar gyara rage wahalar masu kallo, kuma shi ne dalilin da ya sa matakin farko na bincike har yanzu shi ne a gwada fayil ɗin a VLC ko takwararta mpv. Idan ya kunnu a can, fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, laifin na manhajar farko ne.

Matsalolin hoto

Sauti ba hoto galibi alamar rashin kodek ne. Kodek ɗin H.264 na 2003 kusan kowace manhaja ta san shi, amma HEVC na 2013 yana ƙarƙashin lasisi mai sarƙaƙiya, don haka manhajojin Windows kan nemi ƙarin da ake saukewa daban. AV1 na 2018 ba ya neman kuɗin lasisi, sai dai tsofaffin katunan hoto ba su iya warware shi da kansu. Manhajar MediaInfo tana nuna ainihin kodek ɗin da ke cikin fayil.

Cijewar hoto tana faruwa idan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta gaza warware bidiyon a kan lokaci. Maganinta shi ne a kunna zaɓin da ke miƙa aikin ga katin hoto, wato DXVA a Windows, VA-API a Linux, VideoToolbox a macOS. Wannan zaɓin kuma shi ne kan jawo koren allo ko hoto mai tarwatsewa idan direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya tsufa, inda ake sabunta direban ko a kashe zaɓin. Launi da ya koɗe yakan nuna bidiyon HDR ne, mai faɗin haske da launi fiye da na yau da kullum, ake kallo a allon da ba nasa ba.

Fayil ɗin da saukarsa ba ta kammala ba yana da nasa halin. AVI yana ajiye jadawalinsa, wanda ke nuna inda kowane sashe na bidiyon yake, a ƙarshe, don haka guntunsa yakan kunnu amma ba a iya tsallakawa gaba, VLC kuma kan yi tayin sake gina jadawalin. MP4 ɗin da jadawalinsa yake ƙarshe ba ya buɗewa ko kaɗan idan ya yanke.

Matsalolin sauti

Shiru ɗungurungum sau da yawa ba daga manhaja yake ba. Idan aka jona allo ta wayar HDMI, mai ɗaukar hoto da sauti tare, kwamfuta kan karkatar da sauti zuwa can, ko da allon ba shi da lasifika. Windows kuma yana da ma'aunin ƙara na kowace manhaja daban, wanda za a iya kashewa ba a sani ba.

Idan ana jin kiɗa da ƙarar abubuwa amma maganar 'yan wasa ta yi ƙasa ko ta ɓace, sautin na lasifika shida ne, tsarin 5.1, inda magana take a lasifikar tsakiya. Sai an umarci manhaja ta haɗe shi zuwa lasifika biyu.

Saɓanin murya da baki iri biyu ne. Idan tazarar ba ta canzawa daga farko zuwa ƙarshe, kamar yadda abin sauraro na Bluetooth kan jawo, ana daidaita ta da hannu. A VLC maɓallan J da K suna matsar da sauti da milisakan 50 a kowane danni. Idan kuwa tazarar ƙaruwa take yi yayin da fim yake tafiya, to an haɗa sauti da hoto masu gudu daban ne, misali na hoto 25 a daƙiƙa da na 23.976, kuma sai an sake haɗa fayil ɗin.

Kariyar haƙƙin mallaka

Faifan DVD na kasuwa suna da kullen CSS mai hana kwafi da lambar yanki mai taƙaita ƙasashen da za a kunna su, Windows kuma ya daina zuwa da damar kunna su tun Windows 8 a 2012. Akwai manhajojin da ke buɗe kullen, amma halaccin hakan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.