Waiwaye: Yadda hannun jarin Intel ya zame, da alhakin masu zuba jari

A watan Agustan 2000, hannun jarin Intel ya kai kusan dala 75. Kamfanin da Robert Noyce da Gordon Moore suka kafa a 1968 shi ne sarkin ƙera cip, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma masu jari sun ɗauke shi tamkar gona mai rafi, wadda ba ta jin fari. Shekaru 24 bayan nan, ranar 2 ga Agustan 2024, farashin ya rikito da kashi 26 cikin ɗari a yini guda, ya koma wajen dala 21, bayan kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata kusan 15,000 da dakatar da rabon riba.

Matsalar daga masana'anta ta taso. A wannan sana'a, riba tana rataye ne a kan yawan cip masu lafiya da ake samu daga kowane faifan silikon mai faɗin milimita 300. Idan rabinsu suka lalace, kuɗin ƙera kowane ɗaya ya ninka, domin injin da wutar da albashin ba su ragu ba. Fasahar nanomita 10, wato sabon matakin ƙanƙanta sassan cip, da Intel ya tsara fitarwa a 2016 ba ta wadata a kasuwa ba sai 2019, saboda ya nemi cusa taransista, wato ƙananan makunnan lantarki na cikin cip, da yawa a lokaci guda ba tare da injinan EUV masu zana cip da haske, na kamfanin ASML da ke Holan ba. Kamfanin ƙera cip na TSMC da ke Taiwan ya rungumi injinan, ya wuce gaba, AMD kuma, abokin hamayyar Intel, ya kai wa TSMC aikin ƙera nasa cip. A Yulin 2020 Intel ya ce nanomita 7 ma za ta makara.

A nan ne alhakin masu jari ya shigo, kuma ya kamata a faɗe shi ƙarara. A 2019 da 2020, daidai lokacin da masana'antar ke tangal-tangal, kamfanin ya kashe sama da dala biliyan 27 wajen sake sayen hannayen jarinsa. Sayen yana ɗaga ribar kowane hannu a takarda, don haka mutane da yawa suka yi murna, alhali jinkirin yana rubuce a rahotannin da kamfanin ke fitarwa duk wata uku. Masu jari suna da ƙuri'a a taron shekara, su ke zaɓen daraktoci, su ke nuna amincewa da albashin shugabanni.

Pat Gelsinger ya karɓi ragama a Fabrairun 2021, ya ƙaddamar da gina masana'antu a Arizona da Ohio, kowanne da jarin farko na dala biliyan 20. Kuɗi suka yi ta fita kafin su shigo. A 2023 aka zaftare rabon riba daga santi 36.5 zuwa 12.5 kan kowane hannu duk wata uku, sashen masana'antun ƙera cip ya yi asarar dala biliyan 7, sannan 2024 ta ƙare da asarar dala biliyan 18.8. A Nuwamban shekarar kamfanin cip na Nvidia ya maye gurbin Intel a ma'aunin Dow Jones, jerin manyan kamfanonin kasuwar hannun jarin Amurka, Gelsinger ya sauka a Disamba.

A ƙarƙashin sabon shugaba Lip-Bu Tan, gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin ɗari a Agustan 2025 kan dala 20.47 kowane hannu, Nvidia ya biyo da dala biliyan 5. Farashi ya tashi, amma sabbin hannaye aka buga, rabon tsofaffin masu jari ya ragu. Mai son sayen hannun jarin ya duba ɗanyar riba, wato abin da ke saura daga ciniki bayan kuɗin ƙera kaya, wadda ta sauko daga sama da kashi 60 zuwa wajen 33 a 2024, ya duba kuɗin da ke saura bayan gine-gine, ya kuma nemi sunan babban abokin cinikin da ya sa hannu Intel ya ƙera masa cip. Kamfanin da kansa ya rubuta a rahoton Yulin 2025 cewa yana iya dakatar da sabuwar fasaharsa ta ƙera cip mai suna 14A idan bai samu irin wannan abokin ciniki ba.