Baƙar ƙaya a al'adun Keltawa: tambayoyi da amsoshi

Wace bishiya ce wannan?

Ɗan ƙaramin icce ne mai ƙaya da ke tsirowa a Turai da yammacin Asiya, tsayinsa bai cika wuce mita 5 ba. Masana tsirrai na kiranta Prunus spinosa, Turawan Ingila su ce blackthorn, wato baƙar ƙaya, mutanen Ayalan kuma su ce draighean. Ɓawonta baƙi ne, ƙayarta doguwa ce mai tauri. A watan Maris ko Afrilu takan yi fure fari fat tun ganye bai fito ba, sai ka ga rassa baƙaƙe sun lulluɓe da fari ga kuma sanyi na kaɗawa. 'Ya'yanta ƙanana ne, shuɗi mai duhu, ga bauri mai ɗaure baki, shi ya sa ake jira sai jaura ta fara sauka a ƙarshen shekara kafin a tsinke su. Manoma na dasa ta a matsayin shinge, domin ko sa ba ya kutsawa cikinta.

Me ya sa ake jin tsoronta?

Ni a ganina tsoron daga jikin bishiyar ya samo asali, kafin a kai ga maganar sihiri. Idan ƙayarta ta soki mutum, bakin ƙayar yakan karye ya zauna cikin tsoka ko gaɓa, wurin ya kumbura ya yi ruwa. A zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin wannan sukar na iya nakasa hannun manomi. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai yi mamaki ba in an ce masa ƙayar na da dafi ko mayu na aiki da ita. Ga kuma furenta da ke zuwa daidai da wani sanyi mai komowa bayan an ɗauka hunturu ya wuce, har mutanen karkara a Birtaniya suka laƙaba wa wannan sanyin sunan bishiyar.

Da gaske ne sun yarda aljanu na gadinta?

Ƙwarai kuwa. Wani mai bincike Ba'amurke, W. Y. Evans-Wentz, ya zaga yankunan Keltawa, wato al'ummomin da suka gaji tsoffin harsuna da al'adun wurare irin su Ayalan da Sikotilan, yana tattara labarai daga bakin tsofaffi, ya buga su a 1911. A Ayalan aka gaya masa akwai wani jinsin aljanu, Lunantishee, masu tsaron baƙar ƙaya, kuma ba sa yarda a sari ko da sanda ɗaya ranar 11 ga Mayu ko 11 ga Nuwamba. Wanda ya yi kunnen ƙashi ya sara, masifa za ta same shi.

Waɗannan ranaku biyu ba haka kawai aka zaɓe su ba. Shekarar Keltawan Ayalan na da manyan ƙofofi biyu: Bealtaine a farkon Mayu, shigowar zafi, da Samhain a farkon Nuwamba, shigowar sanyi, lokutan da aka yi imani shamakin da ke tsakanin mutane da aljanu kan yi sirara. A 1752 Birtaniya da Ayalan suka sauya kalanda, aka tsallake kwana 11. Hukuma ta bi sabon lissafi, amma mutanen ƙauye da dama suka ci gaba da ƙirga bukukuwansu bisa tsohon, sai jajiberin 1 ga wata ya koma 11 ga wata. Bahaushen da ya taso yana jin gargaɗin kada ya zauna gindin tsamiya da tsakar rana zai fahimci irin wannan girmamawa mai haɗe da tsoro.

Amma ita ce bishiyar aljanu da aka fi sani a Ayalan?

A'a, wannan matsayin na 'yar uwarta ce farar ƙaya (hawthorn a Turanci), wadda ke fure a Mayu bayan ganye ya fito. Mutane da yawa kan rikita su.

To ina maganar sanda?

Nan ne bishiyar ta fi daraja. Itacenta na da nauyi da tauri, kuma da shi ake yin sandar nan ta Ayalan mai ƙulli a kai, shillelagh. Akan saro reshe tare da gindinsa, a shafe shi da man shanu, a saka shi cikin bututun hayaƙin murhu na tsawon watanni har ya bushe ya yi baƙi yana sheƙi. A ƙarni na 18 da na 19 da ita ake gwabza faɗan dangi a ranakun kasuwa. Matafiyin dare kuma kan riƙe ta don kariya daga miyagun mutane da miyagun iskoki. Abin da ake tsoro a daji shi ne garkuwa a hannu.

Sai dai sandar na iya jawo wa mai ita zargi. A 1670 aka kashe Manjo Thomas Weir a birnin Edinbara na Sikotilan bayan ya yi iƙirarin manyan laifuka da bakinsa, aka ƙona gawarsa tare da sandarsa ta ƙaya, wadda mutanen gari ke cewa tana tafiya ita kaɗai.

Duk abin da ake karantawa a intanet game da ita tsohuwar al'ada ce?

Ba duka ba, kuma wannan na damuna, domin ƙagaggen labari na danne na gaskiya. Tabbas akwai tsohon rubutun Ogham da aka sassaƙa a duwatsu tun wajen ƙarni na 4, kuma malaman Ayalan na baya sun danganta ɗaya daga haruffansa, straif, da baƙar ƙaya. Amma kalandar bishiyoyin Keltawa da ake yaɗawa, wadda ke ba kowane wata bishiyarsa, marubucin Ingila Robert Graves ne ya tsara ta a 1948. Tsoffin dokokin Ayalan na wajen ƙarni na 8 sun kasa itatuwa 28 gida huɗu bisa amfaninsu, don a san tarar wanda ya sari na maƙwabcinsa, kuma baƙar ƙaya a gida na uku ta faɗo, ƙasa da manyan itatuwan katako da masu 'ya'yan ci.